Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Yaƙin Kalmomi a Binciken Tsige Trump na 2019

Ranar Laraba 20 ga Nuwamba 2019, Donald Trump ya fito harabar Fadar White House zai hau jirgi mai saukar ungulu, riƙe da 'yar takarda a hannu. Masu ɗaukar hoto suka zuƙo ta da kyamara, sai ga rubutu da baƙin alƙalami mai kauri, manyan baƙaƙe kamar na allon talla. Abin da ke jiki shi ne: ba na son komai, ba na son komai, ba na son quid pro quo. Ya tsaya gaban 'yan jarida ya karanta da ƙarfi, ya maimaita, ya juya ya tafi.

A daidai wannan lokaci, can a ginin majalisa, jakadan da shi Trump ɗin ya naɗa a Tarayyar Turai, Gordon Sondland, yana zaune gaban kwamitin da ke binciken tsige Trump bisa rantsuwa. Ya yi wa kansa tambaya a bainar jama'a, shin an yi quid pro quo? Ya kuma ba kansa amsa, ya ce game da kiran waya da ganawa a White House da shugaban Yukiren ke nema, e, an yi.

Kalmomin nan uku na Latin ne, kuma Bahaushe yana da fassararsu tun kaka da kakanni: ba ni gishiri in ba ka manda. A kansu aka kwashe kusan wata biyu ana kokawa a Washington. Wanda ya bi yadda jam'iyyar Democrat da ta Republican suka sarrafa bakinsu a wannan bincike zai ga cewa ɓangarorin biyu ba wasa ɗaya suke bugawa ba, ko da yake a fili ɗaya suke.

Sai an fara gyara wata kalma tukuna. Mu nan idan aka ce an tsige mutum, to ya bar kujera ke nan, kamar yadda majalisar jihar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta yi wa Gwamna Balarabe Musa na PRP a Yunin 1981. A Amurka abin hawa biyu ne. Majalisar Wakilai ita ke tuhuma, kuma ƙaramin rinjaye ya ishe ta. Majalisar Dattawa ita ke shari'a, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda, wato sanatoci 67 cikin 100, kafin shugaba ya sauka. A 2019 'yan Democrat ne ke riƙe da Majalisar Wakilai, amma a Majalisar Dattawa 'yan Republican suna da kujeru 53. Ke nan sai sanatoci 20 sun juya wa shugaban jam'iyyarsu baya. Duk wata kalma da aka zaɓa, duk wani taron manema labarai da aka kira, wannan lissafi ne a ƙarƙashinsa.

Maganar kanta ba ta da tsawo. Ranar 25 ga Yuli 2019 Trump ya yi waya da sabon shugaban Yukiren, Volodymyr Zelensky. Da Zelensky ya kawo zancen sayen makamai, sai Trump ya ce yana son a yi musu wata alfarma, daga nan ya gangaro kan a binciki Joe Biden da ɗansa Hunter, wanda ya zauna a hukumar gudanarwar kamfanin iskar gas na Burisma. A lokacin Biden ne kan gaba cikin masu neman takarar Democrat. A lokacin kuma gwamnatin Trump ta riƙe tallafin soja na kusan dala miliyan 400 da majalisa ta riga ta amince a ba Yukiren. Wani jami'in leƙen asiri ya kai ƙorafi a watan Agusta, zancen ya fasu a Satumba, kuma ranar 24 ga watan Kakakin Majalisar Wakilai Nancy Pelosi ta sanar da buɗe bincike.

Pelosi ba da son ranta ta zo nan ba. A watan Maris na shekarar ta gaya wa jaridar Washington Post cewa ba ta goyon bayan tsigewa, don abin yana raba kan ƙasa, kuma Trump bai kai a sha wannan wahala a kansa ba. Tana majalisa a 1998, ta ga abin da ya faru lokacin da 'yan Republican suka taso wa Bill Clinton: a zaɓen rabin zango na Nuwamban shekarar jam'iyyar Clinton ce ta ƙara kujeru biyar, Newt Gingrich na Republican ya rasa kujerar kakaki, kuma bayan an tuhumi Clinton a Disamba farin jininsa a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ya kai kashi 73. Ga kuma lissafin gida. Rinjayen da ta samu a 2018 ya dogara ne da 'yan majalisa 31 da suka ci zaɓe a mazaɓun da Trump ya lashe a 2016, mutanen da suka yi kamfe a kan inshorar lafiya da farashin magani. Su take karewa. Abin da ya kwance mata hannu shi ne ranar 23 ga Satumba, sabbin 'yan majalisa bakwai, dukansu tsoffin sojoji ko jami'an tsaro da leƙen asiri, irin su Abigail Spanberger da Elissa Slotkin, suka rubuta maƙala ɗaya suka ce idan zargin ya tabbata ya isa tsigewa. Washegari ta yi sanarwa.

Daga nan dabarar Democrat ta zama ta matse zance. Suna da tulin ƙorafi a kan Trump: rahoton Robert Mueller mai shafi sama da 400 kan katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016, batun otal-otal ɗinsa, batun takardun harajinsa. Duk aka ajiye su gefe, aka ce Yukiren kaɗai. Dalilin a fili yake. Rahoton Mueller ya yi wa talakan Amurka nauyi, sunaye da yawa, shekaru da yawa, ba wanda zai iya ba maƙwabcinsa labarin a tsaye. Na Yukiren kuwa numfashi ɗaya ne: shugaba ya riƙe kuɗin ƙasa don a ɓata masa abokin hamayya. Aka kuma ɗauke ragamar binciken daga kwamitin shari'a na Jerry Nadler, wanda zamansa ya sha rikiɗewa zuwa hayaniya, aka damƙa wa kwamitin leƙen asiri na Adam Schiff, tsohon mai gabatar da ƙara, mai magana a tsanake.

Har yanayin fuska sai da aka tsara. Pelosi ta dinga nanata cewa lokaci ne na baƙin ciki da addu'a, ba wanda ya zo majalisa don ya tsige shugaba, babu kuma wanda ya fi ƙarfin doka. Ranar da aka kaɗa ƙuri'a, 18 ga Disamba, baƙaƙen kaya ta sa. Da ta buga guduma ta sanar da sakamakon tuhumar farko, wasu 'yan jam'iyyarta suka soma tafi, sai ta watsa musu harara ta ɗaga hannu, irin wadda uwa ke yi wa yaro a gaban baƙi. Nan take wurin ya yi tsit. Ta san daƙiƙa biyar na tafi sun isa a yi tallan kamfe da su har Nuwamban baɗi. Haka kuma ranar 10 ga Disamba, da safe suka gabatar da tuhume-tuhumen, bayan kamar awa ɗaya ita dai Pelosi ta sake fitowa ta sanar da cewa sun daidaita da gwamnatin Trump kan sabuwar yarjejeniyar ciniki da Kanada da Meziko. Wannan guzuri ne aka ɗaura wa 'yan majalisar nan 31, don idan sun koma gida aka ce tsigewa kawai kuka sani, su sami abin nunawa.

Duk da wannan tsari, sun yi tuntuɓe biyu. Na farko na Schiff ne. A zaman 26 ga Satumba, maimakon ya karanta takardar wayar, wato rubutacciyar hirar Trump da Zelensky da fadar ta saki, yadda take, sai ya kwaikwayi Trump da kalmomin da ya ƙirƙira, cikin salon shugaban 'yan daba, daga baya ya ce ai shaguɓe ne. Trump ya kama wannan bai sake ba har aka gama shari'a, kullum sai ya ce ga mutumin da ya ƙaga masa magana. Mai tuhuma da ke son a ɗauke shi alƙali bai kamata ya yi wasan kwaikwayo ba ko na minti ɗaya.

Na biyu ya fi zurfi, shi ne na quid pro quo. Kalmar daga ɓangaren Trump ta fi fitowa tun farko, a matsayin musu: babu ita. Matsayin Democrat na asali shi ne ba sai an nuna musaya ba, roƙon wata ƙasa ta shiga zaɓen Amurka shi kansa laifi ne. Amma da shaidu suka fara tabbatar da cewa an yi musayar, sai suka kasa haƙuri, suka bi kalmar a guje. Da haka suka yarda a auna su da mudun abokin gaba, kuma da yaren da yawancin masu zaɓe ba sa ji. A tsakiyar Nuwamba suka farga. Washington Post ta ruwaito cewa kwamitin kamfen na jam'iyyar ya tara ƙananan rukunonin masu zaɓe a mazaɓun da ake takara sosai, aka gwada musu kalmomi, aka ga cin hanci ce ta fi shiga kunne. Ranar 14 ga Nuwamba Pelosi ta fito ta ce abin da Trump ya yi cin hanci ne. Kalmar tana da wata fa'ida: tana cikin kundin tsarin mulkin Amurka ƙarara, kusa da cin amanar ƙasa, a jerin laifukan da ake tsige shugaba a kansu. To amma da aka zo rubuta tuhuma a Disamba, sai aka rubuta guda biyu, amfani da mulki ba bisa ƙa'ida ba da kuma hana majalisa aikinta. Cin hanci bai samu kansa a matsayin tuhuma ba. 'Yan Republican suka ce to ina cin hancin da kuka cika mana kunne da shi? Ashe daga ɗakin gwajin kalmomi kuka samo shi. A ganina wannan ya yi musu illa fiye da kuskuren Schiff, domin ya ba da hoton mutanen da suka yanke hukunci tukuna suke neman sunan laifi.

Idan aka juyo ɓangaren Republican, abin da ido zai fara gani shi ne rikici. Ranar 25 ga Satumba, ranar da aka saki takardar wayar, wata ma'aikaciyar White House ta aika jerin amsoshin da aka shirya wa 'yan jam'iyya ta imel, sai ta haɗa har da ofisoshin 'yan Democrat. Ta bi da saƙon neman a janye, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, sun baza shi a Twitter. Ranar 17 ga Oktoba muƙaddashin shugaban ma'aikatan fadar, Mick Mulvaney, ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa cewa neman bincike na cikin dalilan riƙe kuɗin, ya ce haka ake yi kullum a harkar ƙasashen waje, a daina damun mutane. Kafin dare ya fitar da takarda yana cewa an juya masa magana. Shi kuwa Trump, ana tsaka da musanta cewa ya nemi wata ƙasa ta binciki Biden, ya tsaya gaban kyamara ranar 3 ga Oktoba ya ce Sin ma ya kamata ta bincike shi.

Sanata Lindsey Graham, wanda yana cikin masu gabatar da ƙarar Clinton a 1999, ya ba da shawara a kwaikwayi Clinton ɗin. Shi Clinton ya ware wata tawaga ta lauyoyi da masu magana ta ji da batun tsigewa, shi kuma kullum a gan shi yana aikin ƙasa, kamar abin bai dame shi ba. Trump ya ce shi ba shi da tawaga, shi ne tawagar. Kalmominsa kaɗan ne kuma ba ya gajiya da su: waya ce marar aibu, bita-da-ƙulli ne, ƙage ne, juyin mulki ne, ku karanta takardar. A gangaminsa na Kentucky a farkon Nuwamba, mutanen da aka jera a bayansa duk riguna suka sa masu ɗauke da wannan umarni na a karanta takardar. Dabara ce mai ban mamaki, don takardar ita ce babbar hujjar masu tuhuma. Amma idan mutum ya daki ƙirji ya ce je ka karanta, mai sauraro yakan ɗauka babu komai a ciki, kuma kaɗan ne za su je.

'Yan majalisarsa ba su so su tsaya a kan cewa wayar ba ta da aibu, don da yawansu sun san tana da shi. Sai suka koma kan hanya da tsari. Da farko suka ce binciken haramtacce ne tunda zauren majalisa bai kaɗa ƙuri'ar buɗe shi ba, kuma a kan wannan lauyan fadar, Pat Cipollone, ya rubuta wasiƙar 8 ga Oktoba cewa ba za su ba da takarda ko shaida ba. Sannan suka ce ana yi a ɓoye. Ranar 23 ga Oktoba wasu gomman 'yan Republican, Matt Gaetz a gaba, suka kutsa cikin ɗakin sirri na ƙarƙashin ginin majalisa inda ake jin shaidu, wasu da wayoyinsu a hannu, abin da dokar ɗakin ta hana. Suka zauna, aka kawo fiza aka ci, shaidar wata jami'ar ma'aikatar tsaro, Laura Cooper, ta yi jinkirin kusan awa biyar. Abin dariyar shi ne wasu daga cikin masu kutsen 'yan kwamitocin ne, suna da kujera a ɗakin, da ma ba wanda ya hana su shiga. Amma hoton ya fita, kuma hoton ake so.

Ranar 31 ga Oktoba majalisa ta kaɗa ƙuri'ar, 232 da 196, aka buɗe zaman ga jama'a daga 13 ga Nuwamba. Sai hujja ta sauya: shaidun duk an-ce-ka-ce suke yi, ba wanda ya ji daga bakin shugaba. Alhali waɗanda suka ji daga bakinsa, irin su Mulvaney da John Bolton, tsohon mai ba Trump shawara kan tsaro, fadar ce ta ce kada su je. Da Sondland ya yi magana, sai aka koma cewa ai an saki kuɗin ranar 11 ga Satumba kuma Yukiren ba ta yi binciken ba, ba a kuma cika ambaton cewa kwana biyu kafin sakin ne kwamitocin majalisa suka sanar da fara bin diddigin lamarin ba. A ƙarshen Janairun 2020, bayan jaridar New York Times ta ruwaito cewa Bolton ya rubuta cewa Trump da bakinsa ya ɗaure kuɗin da binciken, Sanata Lamar Alexander ya kawo hujja ta ƙarshe: an tabbatar ya yi, bai kuma dace ba, amma bai kai a cire shi ba, a bar wa masu zaɓe.

Masu sharhi da yawa a lokacin sun yi ta cewa jam'iyyar ba ta da saƙo, kowa da kiɗansa. Ni ina ganin sun auna ta da ma'aunin da ba nata ba. Mai tuhuma dole ya riƙe labari ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ko'ina ya ɓule an gan shi. Mai kare kai a irin wannan shari'a buƙatarsa ita ce kowane ɗan majalisa ya samu inuwar da zai fake, ko da inuwowin ba su yi kama da juna ba. Ɗan majalisar da mazaɓarsa ke son Trump kamar rai ya ce waya ce marar aibu. Lauyan da ke jin kunyar faɗin haka ya ce tsarin ne ba daidai ba. Dattijon da zai yi ritaya ya ce an yi kuskure amma zaɓe ya kusa. Maganganun suna karo da juna, amma ƙuri'ar da ke fitowa daga cikinsu iri ɗaya ce.

Kuma duk ihun Trump, ba 'yan tsakiya yake yi wa ba. Magoya bayansa yake riƙewa da zafi, don su ne bulalar da ke kan 'yan majalisar a zaɓen fidda gwani. Misalin Francis Rooney na Florida ya isa. A tsakiyar Oktoba ya ce shi bai rufe ƙofar goyon bayan tsigewa ba, yana son ya ji shaidu. Washegari ya sanar da cewa ba zai sake takara ba, kuma da Disamba ta zo ya kaɗa ƙuri'a tare da jam'iyyarsa. Justin Amash na Michigan, wanda ya goyi bayan tsigewa, tun watan Yuli ya riga ya fice daga jam'iyyar. Nan ne bambanci da zamanin Richard Nixon yake. A 1974, lokacin da ake neman tsige shi, farin jinin Nixon ya faɗi zuwa kashi 24, 'yan Republican shida a kwamitin shari'a suka goyi bayan tuhumar farko, kuma manyan jam'iyyarsa, Barry Goldwater na cikinsu, su suka je suka gaya masa ba shi da ƙuri'u. A wancan zamani yawancin Amurkawa tashoshin talabijin uku suke kallo, labari ɗaya suke ji. A 2019 mai kallon Fox News, tashar da ta karkata ga Republican, da mai kallon MSNBC, wadda ta karkata ga Democrat, za su kalli shaida ɗaya da rana, da dare kowa a gaya masa ɓangarensa ne ya yi nasara.

Alƙaluman sun bi wannan layi. Goyon bayan tsigewa ya yi tsalle a makonnin farko bayan sanarwar Pelosi, ya tsaya wajen rabin jama'a, kuma duk shaidun da aka jera a Nuwamba, har da jami'an gwamnati irin su Marie Yovanovitch da Alexander Vindman da Fiona Hill, ba su motsa shi sosai ba. Ranar 18 ga Disamba aka amince da tuhumar farko da ƙuri'a 230 da 197, ta biyu 229 da 198, babu ɗan Republican ko ɗaya a ciki. Ɓarakar ma a gidan Democrat ta fito, inda Jeff Van Drew na New Jersey ya ƙi, sannan ya sauya sheƙa. Trump yana kan dandamali a Battle Creek ta jihar Michigan lokacin da ake ƙirga ƙuri'un, kuma ofishin kamfensa ya tara dala miliyan 46 a wata ukun ƙarshe na shekarar. Majalisar Dattawa ta ƙi kiran shaidu da ƙuri'a 51 da 49, ranar 5 ga Fabrairu 2020 kuma ta wanke shi, 52 da 48 a tuhumar farko, 53 da 47 a ta biyu. Cikin sanatoci 20 da ake nema, Mitt Romney kaɗai aka samu, shi ma a tuhuma ɗaya. A makon ne Gallup ta ba Trump kashi 49, mafi yawa da ya taɓa samu a wurinta zuwa lokacin.

Za a iya cewa Democrat ma sun samu abin da suka fita nema, in dai abin shi ne su yi tuhumar ba tare da jam'iyyarsu ta tarwatse ba. Sai dai gaggawar da suka yi don a gama kafin zaɓen fidda gwani na Iowa ta sa ba su bi Bolton kotu ba, abin da ya ba sanatocin Republican damar cewa ba aikinmu ba ne mu ƙarasa muku binciken da kuka bari rabi. Zuwa babban taron jam'iyyar Democrat a Agustan 2020, annobar korona ta rufe komai, da ƙyar aka ji wani ya ambaci Yukiren.

Shekara huɗu bayan haka aka yi musayar kujeru. Kevin McCarthy na Republican, wanda a 2019 ya caccaki Pelosi kan buɗe bincike ba tare da ƙuri'ar zaure ba, shi ne kakaki a Satumban 2023, kuma ranar 12 ga watan ya buɗe binciken tsige Biden ba tare da ƙuri'ar ba. Lauyoyin fadar Biden suka ce binciken ba shi da hurumi, suka kafa hujja da ra'ayin da ma'aikatar shari'a ta rubuta a zamanin Trump don kare Trump. 'Yan Republican suka koma suka kaɗa ƙuri'ar a Disamba, 221 da 212. Har Biden ya bar mulki a Janairun 2025, ba su kawo tuhumar da ta fito daga wannan bincike gaban zauren majalisa ba.